Tarihin da Gishirin Teku Ke Ci

A watan Nuwamban 2021 Faransa ta mayar wa Jamhuriyar Benin kayan tarihi 26 da sojojinta suka kwasa daga fadar Abomey a 1892. A shekarar da ta biyo baya Jamus ta sa hannu ta sallama wa Nijeriya mallakar tagullolin masarautar Benin ta Nijeriya fiye da dubu, daga cikin waɗanda sojojin Ingila suka wawashe a 1897. An yi kiɗa, an yi jawabai, ministoci sun ɗauki hoto. Ni ma na yi murna, don kayan sata ko ya shekara ɗari sunansa kayan sata. Sai dai duk lokacin da aka tada wannan magana hankalina kan koma inda ba mai kai kyamara: ƙananan gidajen tarihin da ke garuruwan bakin teku, masu ɗaki biyu ko uku, mai gadi ɗaya, da kwanon rufi mai yoyo. Kayan da ke cikinsu ba wanda ya sace su. Suna hannun masu su, kuma a hannun nasu suke lalacewa.

Ra'ayina shi ne irin waɗannan gidaje sun cancanci kuɗin jama'a, tun ma kafin a zo ga maganar katafaren gini mai gilasai a babban birni. Amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya.

Babban gidan tarihin Birtaniya da ke Landan yana da kaya kusan miliyan 8, abin da ake baje wa 'yan kallo kuwa bai wuce kashi 1 cikin ɗari ba. Mutum ya shiga da safe ya fito da yamma, ƙafa ta yi tsami, ya ga Masar ya ga Girka ya ga Sin, amma in aka tambaye shi me ya riƙe sai inda-inda. Kowane abu an ciro shi daga mazauninsa, an sa a akwatin gilashi, an kunna masa fitila. Ƙaramin gidan tarihi ba shi da wannan tarin dukiya. Abin da yake tinƙaho da shi shi ne wurin kansa: abin da ke cikin ɗaki da abin da ake hangowa ta taga labari ɗaya suke bayarwa.

A garin Redcar da ke arewa maso gabashin Ingila akwai wani gida a bakin ruwa inda aka ajiye jirgin ceto mai suna Zetland, ƙirar 1802. Duk duniya babu jirgin ceto da ya rage wanda ya girme shi, kuma a zamaninsa ya tsamo mutum fiye da 500 daga halaka. Ba inji, da ƙarfin damtse ake tuƙa shi, masuntan garin ne ke faɗawa ciki in hadari ya rutsa da wani jirgi. Har yau 'yan sa-kai ke kula da gidan. Ka gama duba katakon jirgin, ka juya, ga tekun da aka yi ta artabu da shi a gabanka. A ɗauke shi a kai Landan, ya zama tsohon kwale-kwale kawai. A can kudu da nan kuma akwai ƙauyen Dunwich, wanda a ƙarni na 13 yana cikin manyan tashoshin jiragen ruwan Ingila. Guguwar 1286 da ta 1287 suka toshe masa tasha, teku ya riƙa cin garin unguwa-unguwa, har cocin ƙarshe na tsohon garin ya rufta daga kan gaɓa tsakanin 1904 da 1919. (Abin dariya, garin da ruwa ya riga ya cinye ya ci gaba da tura wakilai biyu majalisar dokoki har 1832.) Yau mutanen wurin ba su kai 200 ba, amma suna da ɗan gidan tarihinsu, a ciki an ƙera siffar garin yadda yake kafin ruwa ya haɗiye shi. Wanda ya tsaya kan wannan siffa, ya fito ya dubi inda titunan suke a da, ba ya buƙatar lacca a kan zaizayar gaɓa. A Lamu ta ƙasar Kenya ma haka: manyan ƙahonin sarauta da ake kira siwa, ɗaya na hauren giwa ɗaya na tagulla, suna ajiye 'yan taku kaɗan daga inda jiragen katako masu filafilai ke tsayawa har gobe.

Gani ya kori ji, an ce. To amma me ake gani, kuma me ake ji?

Na taɓa shiga wani irin wannan gida a gaɓar Afirka ta Yamma, ba sai na kama suna ba. Mai kula da wurin yana zaune a inuwa, ya taso ya buɗe kwaɗo, warin damshi ya tarbe mu. A kan wani tebur ga mari da sarƙar wuya, a ƙarƙashinsu kuma ga jan gari ya taru, tsatsar da ke zuba daga ƙarfen. Da alama kullum sai ya share, kullum sai wata ta zubo. Duk baƙon da ya zo sai a miƙa masa sarƙar ya ji nauyinta, wasu har su rataya a wuya a ɗauke su hoto, gumin hannu na ƙara wa ƙarfen ciwo. Takardar bayanin da aka liƙa da tafireta aka buga ta, tawadar ta koɗe, ƙwari sun cinye kusurwa ɗaya. A gefe ga wani kwano cike da wuri, ga 'yan mundayen tagulla, su ko takardar ma ba su samu ba. Shi kuma mai bayanin, mutum mai fara'a da ladabi, ya nuna mini wani ɗan ɗaki ya ce miliyoyin mutane ta nan suka wuce. Na tambaye shi inda lissafin ya fito, ya ce haka ya tarar ana faɗa.

Abin da ya ba ni haushi shi ne labarin gaskiya yana nan cikin kwanon da ya tsallake. Wurin kuɗin nan daga tsibiran Maldives da ke tekun Indiya ake ɗebo shi, jiragen Turawa su kai shi Turai, sannan su sauke shi a gaɓar Afirka ta Yamma a sayi mutane da shi, daga nan ya bi fatake ya shige can cikin ƙasa ya zama kuɗin kashewa. Mundayen kuwa a masana'antun Birmingham ake zuba irinsu, kuma sun ci gaba da zama kuɗi a kudu maso gabashin Nijeriya har sai da gwamnatin mulkin mallaka ta janye su tsakanin 1948 da 1949. Kwano ɗaya ya haɗa nahiyoyi uku, amma ba wanda ya koya wa mai bayanin wannan, sai aka bar shi da miliyoyin da ba su da tushe.

Wannan ciwo ba nasa ba ne shi kaɗai. Mafi shaharar misali shi ne Gidan Bayi na tsibirin Goree a Senegal, wanda aka gina wajajen 1776, aka mai da shi gidan tarihi a 1962. Marigayi Boubacar Joseph Ndiaye ya shafe shekaru fiye da 40 yana kula da shi, yana tsayar da baƙi a bakin ƙofar da ke kallon teku yana ba su labarin miliyoyin da suka fita ta nan ba su dawo ba. Paparoma John Paul na Biyu ya tsaya a ƙofar a 1992, Barack Obama ya tsaya a 2013. Masana tarihi da dama kuwa, irin su Philip Curtin, sun daɗe suna cewa gidan na wani attajirin iyali ne, kuma Goree ba ta cikin manyan tashoshin fitar da bayi. A 1996 jaridar Le Monde ta Faransa ta buga wannan magana, ƙura ta tashi. Abin da takardun jiragen ruwa suka nuna shi ne waɗanda aka ɗauka daga tsibirin a duk tsawon zamanin ba su kai dubu 50 ba.

Na san amsar da ake bayarwa, kuma ba amsar banza ba ce. Ana cewa ƙofar alama ce, tana tsaye a madadin duk sauran ƙofofin, kuma ba don Ndiaye da zafin bakinsa ba da duniya ba ta waiwayi tsibirin ba. Gaskiya ne, mutumin ya yi aikin da gwamnatoci suka kasa, kuma wanda ya tsallako teku yana neman inda zai yi kukan kakanninsa ba lissafi ya zo yi ba. Duk na yarda. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar da ɗalibi ya gano an yi masa ƙari a lissafi ɗaya, ya fara shakkar sauran, har da na gaskiyar. Masu son su ce cinikin bayi bai kai yadda ake faɗa ba kuwa an ba su sanda a hannu. Kuma me ake nema da ƙarin? Bayanan tafiye-tafiyen jiragen bayi fiye da dubu 36 da masana suka tattara sun nuna an loda mutum kusan miliyan 12 da rabi, waɗanda suka sauka da rai kusan miliyan 10 da dubu 700. Ratar da ke tsakani gawawwaki ne da aka jefa ruwa. Wannan ba ya buƙatar gishiri. Kusan rabin adadin daga yankin Angola da Kwango aka kwashe shi, wuraren da 'yan yawon buɗe ido ba su cika zuwa ba, kusan miliyan 2 kuma daga gaɓar da ta haɗa Ouidah, Porto-Novo, Badagry da Legas.

Akwai wata gaskiyar da ta fi lissafi ɗaci, wato wa ya kamo, wa ya sayar. A nan ne nake ganin ƙaramin gidan tarihi ya fi kowa damar faɗin abin da babba zai yi ta kwana-kwana a kai. A Badagry, wasu daga cikin gidajen tarihin na iyalai ne, jikokin waɗanda suka yi cinikin da kansu ne ke riƙe da sarƙoƙin. Gidan Seriki Williams Abass, mai ɗakuna 40 da aka gina a shekarun 1840, misali ne da ke hana mutum barci. Yadda ake ba da labarinsa, shi kansa an kama shi yana yaro an sayar, aka kai shi Brazil, ya dawo ya zama dillalin bayi, ya yi arziki ya yi sarauta, ya rasu a 1919. Ku duba shekarun: Ingila ta haramta cinikin tun 1807, amma kasuwar Brazil ba ta rufu ba sai 1850. A Ouidah ta Jamhuriyar Benin ga zuriyar Francisco Felix de Souza, babban dillalin Sarki Gezo na Dahomey, suna nan da gidansu. A 1999 Shugaba Mathieu Kerekou na Jamhuriyar Benin ya nemi gafarar baƙaƙen fatan Amurka saboda hannun da mutanen ƙasarsa suka sa a cinikin. In shugaban ƙasa ya iya faɗa, takardar da ke liƙe a bango ma za ta iya. Faɗin haka ba ya wanke Bature, wanda ya kawo jirgi da bindiga da jari, ya kuma kafa gonakin raken da ke cin mutane. Yana dai hana a mai da tarihi tatsuniyar da mugu kullum baƙo ne.

Sharaɗin da na ce ke nan. Kuɗin jama'a ya shiga, amma kowace takardar bayani a kai ta gaban masanin tarihi na jami'a mafi kusa ya duba. Inda labarin baka ne a rubuta cewa na baka ne, a faɗi daga bakin wa aka ji. Labarin baka tarihi ne mai daraja, ba a raina shi, sai dai kada a sa masa rigar da ba tasa ba. Mai bayani kuma a ba shi albashi da horo. Muddin abincin iyalinsa ya dogara da abin da baƙo zai ciro daga aljihu bayan ya share hawaye, to labari zai ci gaba da kumbura, kuma ban ga laifinsa sosai ba.

Wani abin da ke damuna shi ne yadda aka mai da baƙon nesa shi ne sarki. Ghana ta ayyana 2019 a matsayin shekarar komawa gida, baƙi suka yi ta tururuwa zuwa Cape Coast da Elmina, kuɗi ya shigo, madalla. Amma garin bakin teku ba kurkukun bayi kaɗai ba ne. Ina masunta? Ina masu sassaƙa kwale-kwale daga itace guda, masu saƙa koma, matan da ke dafa gishiri da masu banda kifi, da sunayen waɗanda suka fita kamun kifi ba su dawo ba? Inji da komar roba sun shigo, sana'o'in nan na canjawa a idon kowa, tsofaffin da suka san sunan kowace iska da lokacin kowane kifi suna ƙarewa. Wannan ba ya jawo jirgin sama cike da baƙi, don haka ba ya samun ko kusurwa. Ni a wurina, wanda ya fi cancanta gidan tarihi ya yi wa magana shi ne ɗan firamaren garin, wanda zai shiga ya ga irin ƙugiyar kakansa a bango da sunan unguwarsu a ƙasa. Baƙo yana zuwa sau ɗaya ya tafi. Annobar korona ta nuna hatsarin dogara da shi, don a 2020 hukumar UNESCO ta ce kusan kashi 90 cikin ɗari na gidajen tarihin duniya sun rufe ƙofa na wani lokaci.

Kada kuma wanda yake nesa da teku ya ce ba ruwansa. Cikin waɗanda aka loda a tashoshin gaɓar Ouidah zuwa Legas akwai Hausawa da yawa, waɗanda yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19 suka jefa hannun fatake. A jihar Bahia ta Brazil su ne suka kitsa yunƙurin tawaye na 1807, suka jagoranci boren 1814. A watan Janairun 1835, cikin azumi, bayi Musulmi, akasarinsu Yarabawa tare da wasu Hausawa, suka tayar da babban bore a birnin Salvador, aka samu takardu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Mutanen nan ta wani bakin ruwa suka bi suka fita. Bango ɗaya da taswira ɗaya sun isa a nuna hanyar, daga can cikin ƙasa zuwa gaɓa, daga gaɓa zuwa Bahia.

Duk wannan magana kuwa tana da wa'adi, don teku ba ya jiran a gama taro. Iskar bakin ruwa tana ɗauke da gishiri, gishiri ya shige cikin ƙarfe ya riƙa jawo laima, tsatsa ta kumbura daga ciki ta ɓare ƙarfen ɓawo-ɓawo. Abin da aka tsamo daga ruwa ya fi saurin lalacewa in ba a jiƙa shi an fitar da gishirin ba. Takarda ta yi fumfuna, katako gara ta shiga, hoto ya manne da gilashinsa. Sannan ga ruwan kansa. Ganuwar Prinzenstein da 'yan Denmak suka gina a Keta ta ƙasar Ghana a 1784, teku ya rushe mafi yawanta a 1980. A Zanzibar, ginin Beit al-Ajaib da Sarki Barghash ya gina a 1883, wanda ya zama gidan tarihi, wani ɓangarensa ya rufta a watan Disamban 2020 ana cikin gyara, har da asarar rayuka. In shahararru irin waɗannan sun ga haka, ina ga ɗan gidan da ko alamar nuna hanya babu?

Za a ce asibiti ba magani, makaranta ba kujeru, kai kana maganar tsohuwar sarƙa. Magana ce mai nauyi, kuma in da zaɓin tsakanin maganin zazzaɓi da akwatin gilashi ne, ni ma magani zan ɗauka. Amma ba nan gizo ke saƙa ba. Kuɗin da ake warewa don al'adu yana nan a kasafi kowace shekara, sai dai yana ƙarewa ne a bikin kwana uku, da rumfuna, da sabon ginin da za a yanke masa kyalle a kulle. Abin da ƙaramin gida ke buƙata ba ya kai kuɗin rumfunan: a gyara rufi, a buɗe hanyar iska, a sa ƙarafa a akwati mai rufuwa da 'yan ƙunshin sinadarin da ke tsotse laima, a ƙera kwafin sarƙa don masu son ɗagawa a bar ta ainihi ta huta. Sama da duka, a yi rajista. Kowane abu a ba shi lamba, a ɗauke shi hoto ko da wayar hannu ce, a rubuta inda ya fito, a ajiye kwafin rajistar a wani gari daban. Gobarar da ta cinye gidan tarihin ƙasa na Brazil a Rio a watan Satumban 2018 ta tafi da mafi yawan kaya kusan miliyan 20. Shi kansa gidan tarihin Birtaniya a 2023 ya amsa cewa kusan abubuwa 2,000 sun ɓata ko an sace ko an lalata su, da yawansu ba a yi musu cikakkiyar rajista ba, har shugabansa ya yi murabus.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne maganin da ma'aikatan babban birni suka fi so, wato a kwashe kayan a kai can inda akwai na'urar sanyaya ɗaki. In an yi haka an maimaita wa mutanen garin abin da ake kuka Turawa sun yi, sai dai wannan karon da takardar gwamnati. Masanin adana kaya shi ya kamata ya taso daga birni ya zo gaɓa, ya zauna ya koya wa mai gadi da ɗansa aikin. Inda ruwa ya riga ya iso gindin bango, a nemi tudu a cikin garin a mayar da kayan, ginin kuma a auna shi a zana shi a ɗauki hotonsa ta kowace fuska tun yana tsaye. Gidajen da ke hannun iyalai a bar musu mallakarsu, hukuma ta shiga da tallafi bisa yarjejeniya a rubuce: ga kuɗin rufi da albashi, ku kuma ku buɗe rajista, ku yarda a duba abin da ke rubuce a bango, ku bar 'yan makarantar garin su shiga ba tare da an karɓi ko sisi ba.